Tarihin Ji da Jiyarwa a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya yi nazarin yadda ilmi da labari suka yaɗu a ƙasar Hausa, tun daga zamanin da ba a san takardar Bature ba har zuwa yau da kowane saurayi ke yawo da waya a aljihu, lalle zai tarar cewa kunne ya riga ido aiki, kuma har gobe shi ne babbar ƙofar da sani ke bi ya shiga zukatan jama'a. Abin da ba a cika lura da shi ba kuwa shi ne, a bayan kowace murya da ta isa wani ƙauye akwai mutumin da ya fara jin ta, ta yi masa daɗi ko ta amfane shi, sa'an nan ya ɗauko ta ya kawo wa ɗan'uwansa yana cewa, "Zo ka ji." Tarihin wannan mutum nake nufin bi a kudancin Jihar Jigawa, watau Birnin Kudu da Gwaram da garuruwan da ke kewaye da su irin su Surko, domin a yanzu da samari suka duƙufa neman sababbin shirye-shiryen murya na intanet, waɗanda ake kira fodkas, suna tura wa juna waɗanda suka fi so, ya kamata su san cewa gadon da suka ɗauka tsoho ne, kuma yana da sharuɗɗa.

Ita ƙasar Birnin Kudu ma tana da tsohuwar shaida a kan darajar sauti. A cikin duwatsun da ke gefen garin, musamman Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu na mutanen da, kuma kusa da zanen akwai wasu duwatsu waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su ba da amo mai zaƙi da tafiya nesa. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bincike su, ya bayyana wa duniya labarinsu a tsakiyar shekarun 1950. Gurabun da bugu ya bari a jikinsu sun isa su nuna cewa tsara bayan tsara an yi ta nuna wa yaro inda zai buga da yadda zai buga.

Da Musulunci ya kafu, sai al'adar ji ta sami ƙa'ida da mizani, domin malaman Hadisi sun riga sun tsara cewa mafi ingancin hanyar ɗaukar ilmi ita ce ɗalibi ya zauna gaban malami ya ji daga bakinsa, shi ma malamin ya ji daga nasa malamin, har silsila ta tuƙe ga asali, wanda shi ne ake kira isnadi. Kuma tun ƙarnin farko na Hijira magabata irin su Muhammadu ɗan Sirin suka yi gargaɗi mutum ya duba ko daga wa yake karɓar addininsa. A bisa wannan turba makarantun zaure suka ginu a ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta a wancan lokaci. Ɗalibi yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in Allah ya yi masa nisan kwana a karatu ya kai ga Muhtasar, alhali a kowane mataki malam na karantawa yana fassarawa da baki, shi kuwa yana saurare. To, yaya mutumin Surko zai san cewa a gari kaza akwai malamin da ya ƙware a fiƙihu ko nahawu? Gardin da ya dawo daga gabas shi zai gaya masa, ko falken da ya kwana a zauren malamin ya ji darasin asuba. Kalmar "je wurin Malam wane" ita ce shawarar abin sauraro ta farko da aka sani a ƙasar nan, kuma wanda ya faɗe ta ya san cewa in karatun bai yi kyau ba, shi za a tuhuma.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa, da yake sun fahimci cewa mafi yawan talakawa ba su karanta Larabci, sai suka zuba wa'azi da hukunce-hukunce a cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, don a haddace a rera a ɗauka daga gari zuwa gari. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kai wannan hikima matuƙa, sa'ad da ta kafa tsarin 'Yan Taru: takan zaɓi dattijuwa amintacciya, ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa, ta koya mata waƙoƙi, ita kuma ta koma ƙauyensu ta jiyar da matan da ba su da ikon zuwa. Makafi masu bara da waƙar wa'azi sun ci gaba da irin wannan aiki har cikin ƙarni na 20, kuma da yawa daga waɗanda suka san Imfiraji ta Aliyu Namangi daga bakin mai rerawa a kasuwa suka fara saninta, kafin su ga littafinta.

Zuwan Turawa bai rushe wannan tsari ba, sai dai ya ƙara masa sababbin kayan aiki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, kwafi guda nata yakan ishi unguwa, saboda malamin makaranta ko malamin haraji shi zai zauna a ƙofar gidan dagaci ya karanta da ƙarfi, sauran jama'a su yi da'ira suna ji suna tambaya. A 1944 aka kafa rediyo mai waya a birnin Kano, aka maƙala lasifika a wuraren taruwar mutane, amma da yake muryar a cikin waya take tafiya, iyakarta inda turakun suka tsaya. Mutanen kudu, waɗanda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga birni, sai dai su jira 'yan cin rani da masu kai gyaɗa da direbobin manyan motoci su dawo su ba su labarin akwatin da ke magana, da abin da ya ce game da yaƙin Hitila da samarin da aka kai Bama.

Abin da ya sauya al'amari shi ne ƙaramar rediyo mai batir ta transista, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1954, ta yi ta araha har ta iso kasuwanninmu, ta kuma yi dace da lokacin da tashoshi suka fara magana da Hausa. Ranar 13 ga Maris 1957 Sashen Hausa na BBC ya buɗe da shirin minti 15, da muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi; a 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna; a 1963 Jamus da Sin suka shigo, haka kuma aka riƙa jin Hausa daga Masko da Alƙahira da Ankara ta ƙasar Gana; Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, Faransa kuma a 2007. Babu wani jadawali da aka raba wa manomi a Gwaram wanda zai nuna masa inda waɗannan tashoshi suke. Da murɗa allura aka gano su, da haƙuri, da kasa kunne a cikin shuu da ƙarar gajeren zango, sa'an nan wanda ya gano ya gaya wa maƙwabcinsa cewa in ya wuce Kaduna a mita 49 ya ɗan matsa kaɗan, da misalin ƙarfe kaza, zai ji wasu suna ba da labarin duniya.

Wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi bayan sallar asuba a cikin hunturu ya san yadda majalisin yake. Rediyo na rataye jikin ƙusa, an saka ta cikin rigar fata ta dukawa, an ɗaura wa eriyarta guntuwar waya don ta ƙara ja, batiran da aka shanya a rana jiya an mayar da su ko za su ƙara kwana ɗaya. Ƙarfe 6:30 na bugawa sai hira ta yanke, mai shayi ma ya sassauta kaɗa cokali. In labarai suka ƙare, sai wani dattijo ya gyara mayafi ya ce, "To, mu ji abin da Jamus za su ce, don jiya sun faɗi abin da waɗannan suka tsallake." Wani ya amsa, "Allah ya gafarta Malam, ai Kaduna ma ta kawo shi da dare." Ba wanda ya koya musu sunan wannan aiki, amma abin da suke yi shi ne gwama riwaya da riwaya kafin a yanke hukunci, kuma a kowane gari akan sami mutum ɗaya ko biyu da aka sallama wa a wannan fanni, waɗanda in sun ce shiri kaza yana da fa'ida, gobe kowa zai kama shi.

Ba labarai kaɗai suka riƙe mutane ba. Shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya haifar da wata irin zumunta wadda ba a taɓa gani ba, inda mutum zai aika da kati yana gaida abokansa na garuruwan da bai taɓa takawa ba, ya zaɓa musu waƙar Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Musa Ɗanƙwairo, har aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro da ke ziyartar juna a biki da suna da ta'aziyya. Wasan Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya sa yara suna kwaikwayon Hausar barikin soja, Amsoshin Takardunku na BBC kuwa ya zama makarantar wanda bai shiga aji ba. Su kuwa mata, musamman waɗanda ke cikin kulle, rediyo ta zame musu taga, suna surfe ko saƙar hula tana gefe. Kuma a gidan biki, ko ta bakin yarinyar da aka aika kai ƙosai, ake sanar da juna cewa ranar kaza akwai shirin da ake karanta littafi ko ake maganar rainon yara, kada Yaya ta bari ya wuce ta.

Sai dai rediyo tana da aibi guda, watau abin da ya wuce ya wuce, wanda ya makara sai dai a ba shi labari. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 ya kuma cika kasuwannin Arewa a shekarun 1970, shi ya warware wannan mas'ala, domin da shi ne murya ta zama abin da ake ajiyewa, a ara, a kwafa, a ba da kyauta. Tafsirin da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya riƙa yi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, wanda rediyo ta fara watsawa tun a shekarun 1960, ya shiga kaset. Haka na Shaihu Nasiru Kabara da na Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi. Da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 kuwa, muhawarar da ta biyo baya tsakaninta da 'yan ɗariƙu mafi yawanta a kan kaset aka yi ta, wannan ya yi wa'azi, wancan ya yi raddi, direban motar haya da ke bin hanyar Kano zuwa Birnin Kudu ya sa wa fasinja wanda ya ga dama. Har wasiƙa ma kaset ya gaje ta a gidaje da yawa, inda tsohuwar da ba ta rubutu za ta zauna gaban rakoda ta yi wa ɗanta da ke Makka ko Kurmi sallama da nasiha da kuka, a ba alhaji ko direba ya kai. Amma a nan ne kuma ɓaraka ta fara bayyana, saboda kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi, aka goge sunan da ke bayansa, yakan iso hannun mutum ba a san mai maganar ba, ba a san ranar da ya yi ta ba, ba a kuma san abin da ya faɗa kafin wurin da aka fara ɗauka ba.

Daga nan sauye-sauye suka riƙa zuwa a gurguje. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, jihar ta sami gidan rediyonta. A 1992 aka yi dokar da ta halatta wa 'yan kasuwa kafa tashoshi, wadda albarkacinta Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, daga baya ta yi reshe a Dutse. Wayar salula kuma ta shigo a 2001. Ba a daɗe ba sai ga ƙananan wayoyi masu ɗaukar memori, da wata sabuwar sana'a ta masu turi. Rumfa ce 'yar ƙarama a bakin tasha ko kasuwa, janareta na ruri a baya, wayoyin caji jere a kan katako kowace da lambarta, saurayi na zaune gaban kwamfuta. Manomi zai miƙo memori a naɗe cikin takarda ya ce, "Ɗan nan, zuba mini karatu da waƙoƙin noma, ka sa wa uwargida littafi." Yaron zai ce, "Baba, akwai wani sabon tafsiri da na samo daga kasuwar waya ta Farm Centre, in ka ji shi sai ka dawo neman ci gabansa." Ta haka karatun Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, ya ci gaba da shiga ƙauyukan da bai taɓa zuwa ba. Wannan saurayi, ko ya sani ko bai sani ba, ya hau kujerar jaji da ta gardin da ya dawo daga gabas, domin abin da ya zaɓa shi gari zai ji.

A can ƙasashen Turai da Amurka kuwa, tun 2004 aka fara kiran irin shirin da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi, mai so ya sauke ya ji lokacin da ya ga dama, da sunan fodkas, kuma a 2005 kamfanin Apple ya buɗe masa ƙofa a manhajarsa ta iTunes. Ya ɗauki shekaru kafin ya yi magana da Hausa sosai. A 2020, lokacin annobar korona, BBC ta yi shirin Korona: Ina Mafita?; daga baya jaridar Aminiya ta fito da Najeriya a Yau da Daga Laraba; bayan su kuma ga ɗimbin malamai da likitoci da masu karanta littattafan hikaya da samari masu hira a kan noma da kasuwanci da tarihi, kowa da zaurensa a YouTube ko Facebook ko Telegram. Masu ƙera waɗannan manhajoji sun sa musu lissafin da ke lura da abin da mutum ya saba ji, ya riƙa turo masa irinsa. Amma a wuri irin Surko, inda kuɗin data ke da nauyi a aljihun manomi, sabis kuma yakan zo ya ɗauke, har yanzu tsohuwar hanya ce ke aiki: ɗalibi ko ma'aikacin asibiti ya sauke shiri a Birnin Kudu ko Dutse, ya dawo gida ya raba wa abokai ta Xender ko Bluetooth, ko ya jefa shi zauren WhatsApp na 'yan unguwa tare da cewa, "Don Allah ku saurari wannan har ƙarshe." Kuma na tabbata wannan ya fi lissafin na'ura albarka, domin na'ura abin da ka riga ka so take ƙara maka, aboki kuwa yakan kawo maka abin da kake bukata ko da ba ka san da shi ba.

Duk da haka wajibi ne a faɗi gaskiya, cewa ɓarakar da ta fara a zamanin kaset yanzu ta zama gagarumar ɓarna. Murya takan zo ba suna ba asali, an yanke farkonta an datse ƙarshenta, an ɗora mata hoton wani malami ko likita, kafin azahar ta gama gari. Mutane ba su manta da wani dare na watan Agustan 2014 ba, lokacin fargabar cutar Ebola, sa'ad da aka yi ta tashin 'yan'uwa ta waya ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, alhali duk wanda ya isar da saƙon ƙauna ce ta sa shi. Ƙauna ba tare da tahaƙiƙi ba tana iya kisa. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurati, ya yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, kuma wannan umarni bai keɓe labarin da ya zo ta waya ba.

Saboda haka nasihata ga samari da 'yan matan ƙasar Kudu da Gwaram, waɗanda Allah ya hore musu abin da kakanninsu ba su yi mafarkinsa ba, ita ce su ci gaba da nema, su faɗaɗa kunnensu, kada su tsaya ga malami ɗaya ko fanni ɗaya, su ji na lafiya da na noma da na tarihi da na harshe, har ma su yi ƙoƙarin kafa nasu, domin dattawan da suka san tarihin garuruwan nan da waƙoƙin gayya da na daɓe suna ƙarewa, wayar da ke aljihu kuwa ta isa ta adana muryarsu. Amma in za su tura wa wani, to, su cika sharuɗɗa uku da magabata suka cika: su saurara har ƙarshe kafin su yaba, su ambaci mai maganar da inda suka samo ta da lokacin da aka yi ta, su kuma dubi wanda za su ba, ko abin zai amfane shi ko zai rikita shi. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa "saurari wannan" ya shiga cikin isnadi, ya zama marawaici, kuma amana ta hau wuyansa. In abin ya zama alheri yana da lada irin na wanda ya yi nuni ga alheri, in kuwa ya zama ƙarya yana da kamasho a cikin zunubinta. Allah ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta, ya kuma tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba, amin.